Ɗorawar da Na Kaɗe Ɗanya

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai tsaron wanda ya tafi da wanda ya zauna.

Zuwa ga Mai Sunan Malam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Kaduna lami lafiya, Ya kare ka daga sharrin hanya da na abokin banza. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na cusa takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin daddawa, don kada ka gan ta sai ka sauka. Da gangan na yi. Kai ne na fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama na dube ka mun yi doguwar magana ba, haka muka tarar ana yi. Amma kunyar da ta sa ni rubutu yau ba irin waccan ba ce, wannan ta laifi ce. Da hannuna na rubuta, da ajamin da kakanka ya koya mini a Gwandu. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, ban so in ba ɗan makaranta ya rubuta mini, gobe in ji zancena a kasuwar Kalgo.

Za ka koyi aikin awon ƙasa, ka riƙa kafa duwatsu a iyakokin mutane. Kuma na san ka tafi da wani abu a ranka, wato garkar da kawunka Haliru ya ce taka ce in ka gama karatu ka yi aure. To, bari in faɗa maka tun da fari, garkar nan babu ita. Ni na raba ka da ita, da bakina, a gaban alƙali, kana can makaranta a Sakkwato. Da ka dawo ka ga kawunka ba ya amsa gaisuwata, ka yi kawaici ba ka tambaya ba. Ga yadda aka yi.

Kai ka tashi a Gwandu gidan kawunka, don haka wurin garkar nan kewaye da waya ka san shi. Da ba haka yake ba. Lokacin da aka kawo ni ƙauyen nan, tsakanin bayan gari da fadama ɗorawa ce tsaye kamar an jera, manya-manya, wasu mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsu. Hurumin gari ne. Waɗanda suka sari garin su suka keɓe shi, suka ce ba a nomawa, ba a sara, ba a gado. Da bazara, in ɗorawa ta nuna, ba mai taɓa ko ɗaya sai mai gari ya aika dattawa sun duba, sannan mai shela ya zaga. Ranar farko kuma ba ta kowa ba ce sai matan da mazansu suka rasu. Su kaɗai ke shiga da gorarsu mai ƙugiya, su kaɗa, su cika kwanduna, mu masu maza muna leƙe ta kan danga. Kashegari a buɗe wa kowa. Da abin da suka samu ranar nan suke cin shekara: garin su yi kunu, kalwa su yi daddawa, ɓawon su sayar wa magina su yi makuba ta shafen gini.

Babbarsu a lokacin ita ce Gwaggo Ige, ka san ta, tsohuwar nan mai ɗingishi ta ƙofar masallaci. Ba ta da ɗa, ba ta da gona. Ita ta koya mini daddawa ina amarya, ita ta nuna mini yadda ake gane kalwa ta dahu da yadda ake rufe ta da ganye. Duk sunan da daddawata ta yi a kasuwar Kalgo daga hannunta ya fito.

Sai shekarar fari ta zo. Ba sai na ba ka labari ba, ka ga shanun da suka zube a hanyar Dalijan. Ɗorawa ta yi 'ya'ya kaɗan, kowa ido a kanta, shela kuwa shiru, dattawa suna cewa ba ta nuna ba. Ni kuma zuciyata ta dinga raya mini cewa ɗan abin nan in su Gwaggo suka shiga ranar farko, ba abin da za su bar mana. Ina so in ce maka yunwar ƙannenka ce ta kai ni, amma ƙarya ce, akwai sauran gero a rumbun babanka. Sana'ata nake ji, da masu sayen da suka saba da ni. Wata rana bayan sallar asuba na ɗauki gora na bi ta bayan danga, na kaɗe abin da hannuna ya kai, na rufe da zane na dawo.

Ɗanya ce sharaf. Na dafa, na surfa, na rufe, da na buɗe sai yauƙi da wari, ko akuya ba ta kusanta ba. A rami na zuba ta. Ka ji abin da na karya dokar gari a kansa.

Ashe an gan ni. Ba wanda ya ce mini uffan, amma kashegari mata biyu suka shiga, wanshekare ba a ƙirga. Suna cewa tunda ɗiyar malaman Gwandu ta yi, su wa ne su. Kafin mako ya zagayo an yi wa itatuwan nan tas, har rassa aka karya, har dambe aka yi a gindinsu. Shekarar nan mai shela bai fita ba, ba abin da zai yi shela a kai. Ta gaba ma bai fita ba, don kowa ya riga ya koyi riga-riga.

Ɗana, ka kiyayi zama na farko a ɓarna. Na biyu da na uku suna da wanda za su nuna, na farko ba shi da kowa. Kuma duk inda aiki ya kai ka, in ka tarar da wata doka ta mutanen wuri wadda ba a rubuce take ba, kada ka raina ta don ba ka ga hatimi a kanta ba. Tamu ta fi shekarun kakan kakanka tana aiki, mace ɗaya da gora ta kashe ta da safe ɗaya.

Laifina na biyu ya fi na farko muni, don a wancan ina da ɗan uzurin tsoro, a wannan kuwa son a yabe ni ne kawai. Na je bikin suna a Gwandu, muna zaune da Yaya Haliru, yana ta zancen yana neman wuri mai ruwa kusa ya dasa mangwaro da gwaiba, irin na manyan 'yan kasuwa. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na buɗe baki na ce ai ga hurumi can bayan garinmu ya zama kufai, ba mai kula da shi, ga fadama a gindinsa. Ya dube ni ya ce, “Kulu, ashe kina da kai haka?” Wallahi sai na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Ni ya aika. Ya ba ni ƙwaryar goro da turmin atamfa in kai wa uwargidan tsohon mai gari, ta shigar da maganar. Kalmominsa suna kunnena har yau: “Ki ce aro nika so, ba saye ba. Ran da gari ya ce in tashi, in tashi.” Haka na faɗa mata, haka ta faɗa wa mijinta. Babanka, Allah Ya jiƙansa, bai so ba. Ya ce mini, “Hauwa'u, abin gari ba a kai shi gidan surukai.” Na yi masa fushin kwana da kwanaki, na ce don ɗan'uwana ne yake baƙin ciki, har ya gaji ya ƙyale ni. Mai gari kuwa tsufa ya kama shi, ga shi ya gaji da rabon faɗan mata a gindin ɗorawa, sai ya ce a je a yi.

Ba a rubuta komai ba, ba a tara dattawa ba. Damina ɗaya aka kewaye wurin da waya, aka sa mai gadi. Aka ce inuwar ɗorawa tana hana dashe tashi, sai aka shigo da masu gatari. Daga tsakar gida nake jin faɗuwarsu, ƙasa har motsi take yi. In na ji sai in ƙara ƙarfin daka don kada in ji ta gaba. Fiye da rabi suka tafi, aka loda su a mota aka kai wa masu gasa burodi. Ni kuwa kalwar waɗanda suka rage, buhu-buhu ake kawo mini har gida, ba gora ba wahala.

Ka ji wannan da kyau, don aikinka ke nan. Za a kai ka wuri a ce maka fili ne, ba mai shi. Kada ka yarda da ganin ido na rana ɗaya. Ka tambaya wa ke shiga nan da bazara, wa ke ɗiban itace, wa ke yankan gamba, ta ina shanu ke bi su sha ruwa. Kuma kada ka tsaya a zaure wurin maza kaɗai, ka sa a tambayo maka cikin gida, don yawancin masu ci daga irin wuraren nan ba sa zuwa zaure. In ka ji an ce aro, ka sa a faɗe shi a gaban jama'a, a rubuta shi aro. Aron da aka kewaye da waya, ba a daɗewa ake manta sunansa.

Akwai wani laifin kuma, shi ne wanda in na tuna nake rasa inda zan sa fuskata. Wata bazara Gwaggo Ige ta ga ɗorawa ta zubo ta wajen waya, ta duƙa tana tsinta. Mai gadi ya ƙwace kwandon ya watsar, ya kira ta ɓarauniya a gaban yara. Ta taho gidanmu da ɗingishinta, ta tsaya bakin ƙofar ɗakina ta ce, “Kulu, ɗiyata, ki yi wa yayanki magana. Ba mu ce ya tashi ba. Rana guda dai, wagga tamu ta da, ya bar mu mu shiga.”

Ka san abin da na yi? Na ce mata maganar maza ce, ba ni da baki a ciki. Ni da na kai goro. Sannan na shiga na ɗebo kalwa a kwano na miƙa mata, har ina cewa ta riƙa zuwa in ta rasa. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, “Sadaka ce?” Ta karɓi kwanon. Ta ce, “Allah Ya amfana,” ta ajiye shi a kan turmi ta fita. Kwanon nan ya wuni a wurin, na kasa ɗauka, sai da kaji suka hau shi.

Kada ka taɓa ba mutum kyautar abin da yake haƙƙinsa ne, kana jiran ya gode. Gara ka hana shi ƙiri-ƙiri ya san da wa yake yi. Kuma in mai rauni ya zo ya ce ka sa baki, kada ka ce ba ruwanka alhali ka san da ruwanka.

Daga nan shekaru suka ɗan ja. Tsohon mai gari ya rasu, ɗansa ya hau. Bara kuma babanka ya bi shi. Ina cikin takaba, mata suna shigowa suna fita, sai ga Gwaggo Ige, wadda rabonta da gidan tun ranar kwanon. Ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna, ta yi addu'a mai tsawo. Kullum sai ta zo har na fita takaba, ta taya ni tsinkar zogale, ta kore mini yara in sun dame ni. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ɗorawa ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana nan sai aka ce soja sun fito da sabuwar dokar ƙasa, masu hali suka bazama neman takardar mallaka. Yaya ma ya nema, ya ce wurin sayensa ya yi daga hannun marigayi mai gari. Da labari ya iso, sabon mai gari da dattawa suka kai ƙara Kalgo, suka ce hurumi ne, a mayar wa gari. Amma wanda ya ba da aron ya mutu, babanka ya mutu, Yaya kuma ya samo mutum biyu da za su ce an yi ciniki a gabansu. Ba wanda ya rage da ya ji kalmar aro daga bakinsa sai ni.

Ya zo har gida a motarsa. Ya zauna a tabarmar babanka ya ce, “Kulu, nono guda muka sha. Ɗanki ni na riƙe shi, ni na kai shi makaranta, garkar nan tasa ce. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki zauna ɗakinki kawai.” Kuma gaskiya ya faɗa, duk abin da ya lissafa ya yi maka, har da wanda bai lissafa ba. Na ce masa to. Ka ga, har a nan sai da na ce to.

Ranar zaman shari'a na tashi na ɗora tukunya kamar kullum. Sai na hango Gwaggo ta kan danga ta nufi hanyar Kalgo da sandarta, ita kaɗai, ba wanda ya kira ta, ba kuma wanda zai tambaye ta komai a can. Na tsaya ina kallonta har ta kai wajen wayar, ta ratse nesa da ita kamar mai tsoron kare. Ban san lokacin da na sauke tukunyar na ɗauki mayafi ba.

Ban taɓa shiga gaban alƙali ba. Ga maza cike, ga Yaya zaune cikin babbar riga. Alƙali ya ce, “Malama, me ke tafe da ke?” Na ce, “Allah Ya gafarta Malam, ni ce na kai goron.” Na faɗi komai, tun daga gorar da na ɗauka da asuba, abin da ba wanda ya tambaye ni. Na maimaita kalmomin Yaya yadda ya faɗe su. Aka aika aka tambayo uwargidan marigayi mai gari, ta ce haka ne, atamfar ma tana nan cikin adakarta. Sai alƙali ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ce wa Yaya ya yi alwala ya rantse saye ya yi.

Ina so ka riƙe wannan game da kawunka. Ya tashi, ya yi alwalar, ya zo ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, “Ba ni rantsuwa. Aro ne.” Ya fita bai dube ni ba, har yau kuma bai sake dubana ba.

Aka yanke cewa ƙasa da ɗorawa na gari ne, a cire waya. Mangwaron da ya dasa ya ci 'ya'yansu muddin yana raye, amma ba gini, ba shinge, ba gado. Daga baya hukuma ta aiko ma'aikacin gandun daji ya shafa wa sauran itatuwan jan fenti, aka rubuta cewa duk wanda ya sa musu gatari zai gamu da doka, aka ba mai gari takardar ya ajiye. An ce masu awo za su zo su kafa duwatsu a kewaye, har yanzu muna jira. Na yi murna da takardar nan, amma kada ka ɗauka ita ce ta gama aiki. Takarda tana hana gatari, ba ta hana mace irina fita da asuba. Kututturan kuma suna nan, kullum na je fadama sai na bi ta tsakaninsu.

Don haka ka yafe mini garkarka. Ba ni da wata da zan ba ka a madadinta. Kuma ina roƙonka, duk hutun da ka samu ka fara sauka Gwandu, ka durƙusa ka gaida kawunka, ko ya amsa ko bai amsa ba. Abin da ke tsakanina da shi nawa ne, kai ba ka da abin da za ka biya shi da shi sai biyayya.

Saura abu ɗaya. Bana, da ɗorawa ta nuna, mai shela ya zaga gari, karo na farko tun shekarar fari. Muryarsa ta tsufa, yara ma ba su san me yake nufi ba, suna binsa suna dariya. Ya ce gobe ta matan da suka rasa mazansu ce. Da safe na fito bakin hurumi na tsaya daga nesa, ba gora ba kwando, ina so dai in gani da idona. Su kaɗan ne suka rage, suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Ige ce a gaba. Idonta ya yi rauni ƙwarai, amma ta juyo ta ce, “Wa ke can tsaye kamar baƙuwa?” Aka ce mata Kulu ce.

Ta ce, “Mi kike jira?”

Na ce, “Gwaggo, kallo na zo yi.”

Ta ce, “Kallon mi? Ke mijinki na nan?”

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ranar da na kashe da hannuna, ashe tawa ce nake kashewa, ban sani ba. Na tsaya hawaye suna zuba, na kasa gaba na kasa baya. Ta taho da ɗingishinta ta danƙa mini gorarta, ta ce, “Riƙe. Ni hannuna ba ya kai wa sama yanzu. Ki kaɗa muna, in tsinta.”

Haka muka wuni, ina kaɗawa tana tsinta. Da yamma ta raba kashi biyu daidai, ta tura mini ɗaya, ban ce a'a ba.

Daddawar da ke cikin jakarka daga kason nan ta fito. Nunanniya ce, ba ɗanya ko ɗaya a ciki. Ka riƙa sa kaɗan-kaɗan a miya don ta kai ka, ka kuma ajiye ta inda iska ke shiga.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa duk dutsen da za ka kafa ya zauna inda gaskiya take, Ya hana hannunka zama sanadin kukan wanda ba shi da mai tsaya masa. Allah Ya jiƙan babanka, Ya sanyaya zuciyar kawunka, Ya ba Gwaggo Ige cikawa da imani, ni kuma Ya yafe mini. Ya dawo mana da kai lafiya, in da hali da bazara, ka ji shela da kunnenka.

Ni ce mahaifiyarka,
Hauwa'u, wadda ake ce wa Kulu.